Ba a Sauya Azara da Damina

Tsahiru, na karanta aikinka jiya
bayan kuran ya dawo unguwar Zariya.
Layi dubu goma sha ɗaya.
Shayina ya huce ban kurɓa ba.

So kake mu tumɓuke mai rabon lokaci,
tsohon alƙalin nan da ke zaune can cikin ƙwayar manhaja
yana ce wa kowane aiki: kai shigo, kai dakata,
kai ka ci rabonka, matsa wa ɗan'uwanka.
Ka ce ya tsufa. Ya tsufa.
Ni na rubuta rabinsa ina goyon Sa'ade,
ga ta nan yanzu ta fi ni tsawo.
Na san inda na toshe da tsumma,
na san inda na rubuta "zan gyara gobe"
goben ta shekara goma sha uku.

Naka ya fi nawa.
Ban iya faɗa a waya ba, to ga shi a rubuce.

Amma saura kwana tara mu saki sabon zubi.

Kakana Ɗan Jimo magini ne a Bagalam.
In aka kira shi a watan marka,
gara ta ci azara, rufi ya yi ciki,
ba ya ko hawa bisa.
Sai ya yanko icce ya tokare,
ya ce wa maigida: kwana a haka,
mu haɗu in an yi girbi.
Ana zaginsa. Ba a taɓa tono kowa daga ɗakinsa ba.

A ƙarƙashin namu rufin akwai masu barci.
Famfon rana a fadamar Jiratawa,
wanda Illa ke kunnawa kafin sallar asuba.
Firijin allura a wani ɗakin shan magani
da babur kaɗai ke isa.
Ba su san sunanka ba, ba su san nawa ba,
ranar da suka nemi sanin sunayenmu
wani abu ya mutu.

Ka gwada a sabuwar na'urarka, ta yi gudu.
Zo ka ga wadda ke ƙarƙashin teburina,
mai tari, mai fanka ɗaure da zare.
Irinta ce ta fi yawa a ƙasar nan.
In ta yarda da kai, na yarda.

Kuma ka yanka shi.
Ko raƙumi aka yanka, a kaso ake ɗaukarsa.
Yanka talatin, kowanne ya tsaya da ƙafarsa,
domin in abu ya ɓaci a watan gobe
mu san wane yanki za mu cire,
kada mu zauna muna zargin dukan garke.

Sai tambayar da ba na son yi:
baɗi kana nan?
Na ji ana kiranka aiki Yamai.
Mai sa azara shi ake tasowa in ta yi ƙara da dare.

Kada ka ɗauka ban ji tsoron kaina ba.
Akwai wani Rabe kafin kai.
Na ce masa ba yanzu ba, sau huɗu,
har ya gane a'a nake nufi, kunya ta hana ni faɗa.
Yana sayar da wayoyi a babbar kasuwa,
yana gaishe ni da ladabi, shi ya fi ciwo.
Tokara ma, in ta daɗe, gara na cin ta.

Don haka rubuta a bango:
kwana tara, sannan kwana ɗaya in yi barci.
Ranar Talata ƙofa a buɗe take.
Kawo yankan farko, mafi ƙanƙanta.
Zo da sukari, nawa ya ƙare.